Eksire na jiki duka ko CT: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce jikan maƙwabciyarki a nan Zangon Kumasi, ɗan wata 7, ya karye a cinya, wai daga gado ya faɗo. Likitoci sun ɗauki hoton eksire na jikinsa duka, sun ce a dawo bayan mako 2 a sake. Tambayarki ita ce, me zai hana a yi CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, sau ɗaya a huta, tunda ita ce ta zamani?

Ni dai ina bayan likitocin. Jaririn da bai fara tafiya ba, da wuya faɗowa daga gado ta karya masa cinya, don haka dole a duba sauran ƙasusuwansa.

Eksire na jiki duka ba hoto ɗaya ba ne. Hotuna ne sama da 20, kowane sashe da nasa: kai, ƙirji, ƙashin baya, hannuwa, ƙafafu. Shi ake fara yi wa duk yaron da bai kai shekara 2 ba idan ana zargin da gangan aka ji masa rauni. Ana neman tsagewar haƙarƙari ta baya, dab da ƙashin baya, wadda kan faru idan babba ya matse ƙirjin jariri da hannu biyu. Ana neman ɗan ɓalli a bakin dogon ƙashi, wajen gwiwa ko idon sawu, irin wanda fizga ko jijjiga ke kawowa. Sannan tsohuwar karaya da sabuwa a jiki ɗaya. Gazawar eksire ita ce, sabuwar tsagewar haƙarƙari takan ɓuya. Sai bayan kwana 11 zuwa 14, lokacin da ƙashin ya fara haɗewa ya yi ƙulli a wurin, take fitowa ɓaro-ɓaro. Dalilin komawar ke nan, ba neman kuɗi ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka.

CT kuwa gwanar kai ce. Cikin 'yan mintoci take nuna tsagewar ƙoƙon kai da jinin da ya taru a kan ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake yawan haɗa ta da eksire ga jaririn da bai cika shekara ba. Tsagewar haƙarƙari ma ta fi eksire ganinta tun tana sabuwa. Amma hasken da take ratsa jiki da shi ya fi yawa, ta fi tsada, kuma wancan ɗan ɓallin na bakin ƙashi eksire mai kyau aka fi dogara da shi wajen kama shi. Ba ta maye gurbin hoton farko, ƙari ce a kansa.

Akwai kuma hoton da ake yi wa yaro allura a jira awa 2 zuwa 3, irin na sashen nukiliya a asibitin Korle Bu da ke Accra. Yana kama tsagewar haƙarƙari, amma yakan kuskure karayar kai.

Ko wanne aka yi, hoto ba ya faɗin wanda ya aikata. Ƙarancin bitamin D ko sinadarin kalsiyam, da ciwon gautsin ƙashi na gado, su ma suna sa ƙashi saurin karyewa, shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini. Don Allah ki ja kunnen maƙwabciyarki kada a kai jaririn wurin mai ɗori a tsakanin nan, jan ƙafar zai ƙara masa rauni ya kuma rikita hoto na biyu. Idan likitoci suka sanar da jami'an jin daɗin jama'a ko 'yan sandan DOVVSU, sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida, aikinsu suka yi, domin Dokar Yara ta 1998 ta ce a kai rahoton irin wannan zargi.