Kafin ka sayi zanen teku don bangon falo

Zanen da Monet, mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1872, na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a ƙasarsa, yana ajiye a birnin Paris. Na Aivazovsky, mai zane ɗan Rasha, na 1850, mai suna Igiyar Ruwa ta Tara, yana St. Petersburg a Rasha, faɗinsa ya haura mita 3. Abin da zai zo hannunka kwafi ne, don haka ka san irin kwafin da za ka ba wa kuɗinka.

Mafi araha shi ne bugun takarda. A shago yana ɗaukar ido, amma idan tawadar mai arha ce, hasken rana kan fara cinye ja da rawaya, ya bar shuɗi. Ka tuna fastocin da suka daɗe a ƙofar shago, yadda suke komawa shuɗi-shuɗi. A zanen Monet kuwa ƙwallon rana ruwan lemo da layin haskenta a kan ruwa su ne ran hoton gaba ɗaya. Ɗan lokaci ne Monet ya kama a zanen kafin hazo ya washe, kuma abin takaici ne a ce shi zai fara kodewa a bangonka. In takardar za ka saya, tambayi mai bugawa ko tawadarsa mai jure rana ce, ka sa gilashi, ka rataye nesa da taga.

Bugun kyanbas, wato yadi mai kauri da ake zane a kai, ya fi tsada, ba ya ƙyalli, sai dai ƙurar hunturu tana maƙalewa a saƙarsa. Buroshi mai laushi ake sa masa, ba jiƙaƙƙen tsumma ba.

Ni dai na fi karkata ga aikin hannu. Ka tsaya dab da zanen fentin mai, za ka ga farin kumfa ya yi tudu inda mai zanen ya danna buroshi, da yamma har 'yar inuwa yake yi. Inji ba ya ba da wannan. Amma ka ga aikin mai zanen da idonka kafin ka ba da kafin alƙalami, domin ruwa yana da wuyar zanawa, wanda hannunsa bai faɗa ba sai ya yi maka igiya sandararriya.

Akwai kuma gidajen da ba sa rataya hoton mai rai. Su duba da kyau: shahararriyar igiyar da Hokusai, mai zane ɗan Japan, ya zana, ta wajen 1831, akwai matuƙa a duƙe cikin kwale-kwale uku, na Aivazovsky kuma mutane ne maƙale da karyayyen itacen jirgi. Igiyoyin da mai zane Courbet ya zana a Étretat ta Faransa a 1869 sun fi dacewa da su, akwai waɗanda ruwa da gajimare ne kawai.