Garin Ruwa da Ya Sayar Mini da Ruwan Sha

'Yan'uwa na gida, makon jiya na ɗauki hutu daga aiki a Ingila na haye ƙasar Holan, na sauka a Utrecht, tsohon birnin da hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu suka ratsa tsakiyarsa. Fasfon Birtaniya da nake taƙama da shi bai hana ni bin layin baƙi ba, domin tun da ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 mu ma bare ne a can. Wannan bai dame ni ba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan sha.

Bayan na hau hasumiyar Dom mai tsawon mita 112, na taka matakala 465 na sauko maƙogwarona a bushe, sai na nufi bakin Oudegracht, tsohuwar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar birnin, inda aka mai da tsofaffin ma'ajiyar kayan fatake da ke ƙarƙashin titi gidajen abinci. Ina zaune ruwa na gudana dab da takalmina, na roƙi mai hidima ta ba ni ruwan famfo kamar yadda na saba a Ingila, inda doka ta tilasta wa duk wurin da ke da lasisin sayar da barasa ya ba da shi kyauta. Ta yi murmushi ta ce ba sa bayarwa, sannan ta kawo wata 'yar kwalba da ba ta fi ta man zaitun ɗin tsaraba ba, kuɗinta ya kusa yuro 3. Kurɓa uku na yi ta ƙare. Abin takaicin shi ne ruwan famfon ƙasar yana da tsabtar da ba a ma zuba masa sinadarin kulorin.

Nan take na tuna randar ƙofar gidanmu da moɗar da ke kife a kanta, da yadda ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa, domin baƙonka annabinka ne.

Amma da na kalli ruwan da ke gabana, babu leda ko ɗaya a kansa, sai kunya ta kama ni. Mutanen nan sun taɓa cike wani ɓangare na Catharijnesingel, hanyar ruwan da ke gefen tsohon birnin, suka shimfiɗa titin mota a kansa, daga baya suka yi nadama suka sake haƙe shi, ruwa ya dawo a 2020. Mu kuwa muna shayar da baƙo kyauta, sannan mu wurga ledar a lambatu ta toshe shi, damina ta zo ta rushe katanga, mu ce ƙaddara ce.

Da zan koma tasha na tarar da famfon jama'a a bakin hanya, na cika 'yar kwalbar nan sau huɗu, wani mai keke yana ta danna mini ƙararrawa saboda na tare masa jan layin da aka ware wa masu keke.