Riɗi a gidan burodi: a wanke inji ko a zuba da gangan?

Tun Janairun 2023 dokar Amurka ta sa riɗi cikin abinci 9 masu tayar da borin jini da dole a bayyana a jikin leda. Nan masu gasa burodi suka rabu biyu.

Wasu suka rungumi wahala: a ware inji, ko a kwance shi a wanke, a bi kowane lungu kada ƙwaya ɗaya ta maƙale ta faɗa cikin burodin da ba na riɗi ba. Akwai tsada, aiki yakan tsaya. Ni dai ina bayansu.

Wasu kuwa suka riƙa barbaɗa garin riɗi a kwaɓi da gangan, su rubuta a leda, shi ke nan sun huta da wanke inji. Doka ba ta hana ba, amma yaron da riɗi ke toshe wa numfashi ya rasa burodin da ya saba ci lafiya.