Wane inji za ka sa wa tsohuwar Chevelle ko Mustang idan kullum da ita kake fita aiki?

Motar da ake fitowa da ita ranar Asabar a wanke a ɗauki hoto daban take da wadda za ta kai ka aiki ranar Litinin da sassafe. Su Chevelle da Camaro da Nova da Mustang da Charger na tsakanin 1964 zuwa farkon shekarun 1970, an ƙera su ne lokacin da fetur ke araha a Amurka, babu mai damuwa da yawan man da mota ke sha. Wanda ke son mayar da irinsu motar hawa ta kullum a gari mai zafi da cunkoso irin Houston, abin da zai tambaya shi ne: za ta tashi da makulli ɗaya? Za ta tsaya a cunkoso da esi a kunne ba ta tafasa ruwa ba? In wani abu ya lalace, akwai shi a shagon kayan gyara na unguwa?

Ni dai zaɓina ba ɓoyayye ba ne: injin LS na kamfanin GM, kuma a cikin dangin LS ɗin ma, mai lita 5.3 na ƙarfe, wanda ake cirowa daga Silverado da Sierra na 1999 zuwa 2006, da Tahoe da Suburban na 2000 zuwa 2006. Dangin sun fara ne da LS1 na alminiyam a Corvette ta 1997, ya shiga Camaro a 1998, kuma shi ne ya yi suna. Amma ƙanensa na motocin ɗaukar kaya, wanda ake kira LM7, shi ne ya cika filayen 'yan gwangwan, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi. Ƙarfinsa tsakanin doki 270 ne da 295, gwargwadon shekara. Kada wannan adadi ya sa ka raina shi. Kafin 1972 kamfanoni suna auna inji ne tsirara, babu salansa babu sauran kayan da ke rage masa ƙarfi, saboda haka dokin da aka rubuta wa motarka a 1969 ya fi wanda ke isa taya nesa ba kusa ba. Wannan 5.3 ɗin yadda ya fito daga kamfani zai ba yawancin tsofaffin injinan 350 na Chevrolet (Chevy, reshen GM) kunya.

Abin da ya fi burge ni a tare da shi ma ba gudun ba ne. Injekta ne, ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar injin, ke raba masa mai, ba ruwansa da sanyin safe ko zafin azahar. Fulogi, koyil, famfon ruwa, duk shagon da ka shiga za a miƙo maka, don Tahoe ta maƙwabcinka ma su take sha. Sannan ga giyabos. Tsohon TH350 giya uku gare shi, a babbar hanya inji sai ihu. 4L60E da ke zuwa tare da 5.3 yana da giya ta huɗu mai 0.70, wato inda inji ke juyi 3,000 a minti zai sauko wajen 2,100. A nan ne ake samun sauƙin mai da sauƙin kunne. In kana da niyyar ƙara masa ƙarfi nan gaba, nemi 4L80E, ya fi juriya, sai dai ƙato ne, wani lokaci sai an bubbuga ƙasan mota kafin ya zauna.

Ba wai ɗauka ake a jefa ba. Kwanon baƙin mai na motar kaya yana saukowa ƙasa sosai, sai ka canza shi da gajere, in ba haka ba ramin farko zai fasa shi. Bututun iska na saman injin dogo ne, yakan taɓa bonet. Kafireta matsin mai kaɗan take so, shi kuwa LS wajen psi 58 yake buƙata, don haka sabon famfo da layin mai dole ne, galibi har da tanki. Ƙwaƙwalwar kuma sai an cire mata tsarin hana sata na VATS, in ba haka ba inji zai tashi ya mutu nan take. Lissafa duk wannan tun farko, domin sau da yawa kayan haɗin sun fi injin kansa tsada.

Sauran fa? Coyote 5.0 na Ford, wanda ya fito a Mustang GT ta 2011 da doki 412, inji ne na gaske, amma faɗinsa ya yi yawa, sai an yanke jikin tsohuwar Mustang kafin ya shiga. In zuciyarka ba za ta iya ganin injin Chevy a cikin Ford ba, kuma akwai masu ɗaukar hakan kamar cin amana, to shirya aljihu. Hemi 5.7 na Dodge, ka bar wa mai Charger. Ƙaton injin 454 na Chevy kuwa, sai in kana da ɗan'uwa mai gidan mai. Tsohon 350 mai kafireta shi ya fi sauƙin ɗaurawa, amma fetur mai gaurayen etanol na yau ba ya shiri da kafireta a zafi. Sabon LS3 dal a akwatinsa daga kamfani, lita 6.2 doki 430, ba shi da aibi sai kuɗi.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Injin 4.8 da 5.3 na waɗancan shekarun gangar jiki ɗaya gare su, har rubutun da ke jikin ƙarfen ma duka lambobin biyu yake ɗauke da su. Ta waje ba mai iya bambancewa. An taɓa sayar mini da 4.8 da sunan 5.3, mutumin har da rantsuwa, kuma kuɗin 5.3 ya karɓa. Shi 4.8 ba mugun inji ba ne, zaluncin ne ke da ciwo. Tun daga nan ba na sauraron bakin mai sayarwa. Cire fulogi ɗaya, zura 'yar kyamarar nan mai igiya: fistin LM7 yana da loɓa a tsakiya, na 4.8 shafe yake. In motar da aka ciro shi tana nan, duba harafi na takwas a lambar VIN, wato lambar shasin motar: T na 5.3 ne, V na 4.8, U na 6.0. Mai cewa injinsa daga Corvette ya fito kuwa, manna masa maganaɗisu a gangar jikin injin. In ya kama, ƙarfe ne, LS1 kuwa alminiyam ne. Da duk injin da ake cewa na Corvette ne gaskiya ne, da Corvette ta fi Corolla yawa a titi.

Sai injin ambaliya. Guguwar Harvey ta nutsar da motoci ba adadi a Houston a watan Agustan 2017, kuma kowace damina ta guguwa tana ƙara wasu. Ana wanke injin da ruwan matsi a fesa masa fenti ya fito fes. Wanda ya taɓa sayen injin Baljiyam a gida ya san wannan wankan. Ni inji mai ƙyalli tsoro yake ba ni, na fi son mai ƙurarsa. Buɗe murfin bawul ka ga ko akwai tsatsa ko baƙin mai mai kama da madara. Leƙa cikin soket na wayoyi, laka ba ta fita daga nan. Juya karanshaf da hannu ya zagaya sarai, kuma a auna matsin kowace silinda a gabanka. In ya ce ba lokaci, kai ma ba kuɗi.

Kula da shekara. Yawancin 5.3 na 2007 zuwa sama suna da tsarin AFM mai kashe silinda huɗu don rage shan mai, kuma sun yi ƙaurin suna wajen lalacewar liftoci, wato ƙarafan da ke ɗaga bawul. Haka nan farantin da ke jikin karanshaf, na da haƙora 24 ne, na baya 58, kuma ƙwaƙwalwar wannan ba ta karanta wancan. Shi ya sa ka sayi inji da giyabos da ƙwaƙwalwa da wayoyi da fedal daga mota guda, rana guda. Wayoyi masu arha da injektocin jabu da ke yawo a intanet cikin kwali mai tambarin kamfani, su ne ke sa mota ta mutu a tsakiyar titi, ka yi wata kana neman matsalar da ba ta cikin inji.

In a California kake, motar 1975 zuwa ƙasa ba a yi mata gwajin hayaƙi, ta 1976 zuwa sama kuwa ana yi, kuma ba a yarda inji ya girmi motar ba. Kowace jiha da dokarta, tambaya kafin ka kwance ƙusa ɗaya. Kuma kada ka biya sai an rubuta maka lambar VIN ta motar da aka ciro injin a kan rasit, da kwanakin garanti, da sa hannu.