Filtar hita: na gwada kala uku, a kan MERV 11 na tsaya

Hunturu uku kenan ina fama da zancen filtar injin ɗumama gida, irin hitar nan da ke hura iska mai ɗumi ta bututu zuwa ɗakuna, sai bana na samu wadda hankalina ya kwanta da ita, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Wadda na tarar a ciki irin shara-sharan nan ce ta zaren gilas, in ka ɗaga ta kana hango hannunka ta baya. Aikinta kawai ta tare gashi da manyan datti kar su shiga fankar injin, amma ƙurar da mutum ke shaƙa wucewa take abinta. A ma'aunin MERV ba ta wuce 4. Shi MERV ɗin nan ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ce ta fito da shi, daga 1 zuwa 16 yake, iya girman lamba iya ƙanƙantar ƙurar da filta za ta iya kamawa.

To yarona yana da asma, in ta tashi masa da dare wallahi ba mai barci a gidan, don haka da na ji haka ban tsaya wata-wata ba na sayo MERV 13 ta wani kamfani, mai kaurin inci 1, don ita tana kama aƙalla rabin ƙurar da girmanta ke tsakanin maikiron 0.3 zuwa 1 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), irin ta hayaƙi kenan. Da farko lafiya lau. Da ta fara ɗaukar datti sai hita ta koma ta kunna ta mutu, ta kunna ta mutu, ɗakin ƙarshe kuma iska da ƙyar take isa. Mai gyara da ya zo ko akwatin kayan aikinsa bai buɗe ba, zaro filtar kawai ya yi ya ce Malam ai shaƙe ta ka yi. Ya min bayani cewa in iska ba ta wucewa yadda ya kamata zafi taruwa yake a cikin injin, sai na'urar da ke gadin zafin ta yanke wutar don kar wani abu ya lalace, in ya huce ta sake kunnawa, kuma in aka bar ta a haka fanka na wahala, injin ma yana gajiya da wuri. Ban ce duk MERV 13 haka take ba fa, injina tsoho ne kuma ramin filtarsa siriri. Wanda nasa ke ɗaukar mai kaurin inci 4 ko 5 shi ya huta, naɗe-naɗenta sun fi zurfi, iska na samun fili sosai ko da lambar babba ce, kuma tana kai wata 6 har zuwa shekara.

Yanzu filtar Filtrete ta kamfanin 3M nake sawa, mai lamba MPR 1000. Kar lambar ta ruɗe ku, MPR ma'aunin kamfanin 3M ne na kansu, 1000 ɗin daidai take da MERV 11, akwai kuma wani ma'aunin, FPR, na shagon kayan gini na Home Depot, ni dai MERV nake nema a jikin kwalin in yi gaba. Abin da ya burge ni naɗe-naɗenta suna da yawa kuma a tsaye suke, kwalin gefen bai lanƙwashe ba duk jan fanka, hita ta daina mutuwa, ƙurar da ke kwanciya a kan talabijin ta ragu sosai. Tarin yaron ya yi sauƙi Alhamdulillah, amma maganinsa na nan yana sha, filta ba ta maye gurbin likita. Abin da ba ta yi shi ne wari, in abu ya ƙone za ka ji shi, sai dai mai haɗe da gawayi.

Sayiz kuma a kula. Abin da aka rubuta a jikin kwalin, kamar inci 16x25x1, ba shi ne ainihin awon ba, ta gaske takan gaza da kamar rabin inci, kuma kamfani da kamfani suna ɗan bambanta, gara ka zaro tsohuwar ka auna da tef. In ta yi sako-sako iska ta gefe za ta bi da ƙurarta, an yi ba a yi ba kenan. Kibiyar da ke jikin kwalin ta kalli wajen fanka, kuma a kashe injin kafin a zaro.

Kamfanin sun ce wata 3 take yi, ni dai da kyanwa a gida ba ta kai min. Ina rubuta ranar da na sa ta da biro a gefen kwalin, duk farkon wata in zaro in ɗaga ta saitin fitila, in haske ya daina ratsawa sai in canza.