Wasiƙa daga Leeds: geron da ake saya wa tsuntsaye

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna da su Kawu da yara baki ɗaya. Rannan da muka yi waya ka tambaye ni inda nake zuwa ranakun da ba ni da aiki. Da na ce maka kallon tsuntsaye, sai ka yi shiru, can ka ce ko kaɗaici ne ya fara damuna. Waya ba ta ba mutum sararin bayani, shi ya sa na zauna na rubuto maka, kuma akwai wata alfarma da nake nema a wurinka.

Daga unguwarmu ta Harehills zuwa lambun Roundhay tafiyar kamar minti 40 ce a ƙafa, motar haya kuma tana kai mutum har bakin wurin. Idan na ce lambu kada ka ɗauka irin na rani ne mai tumatir da albasa. Fili ne da ya haura eka 700, da daji da ciyawa da tafki biyu, kuma mallakar mutanen gari ne. A shekarar 1871 magajin garin lokacin, John Barran, ya jagoranci sayensa daga hannun masu shi, a 1872 aka buɗe wa jama'a. Babban tafkin da ake kira Waterloo haƙa shi aka yi, sojojin da suka dawo daga yaƙin Napoleon suka rasa aiki su aka sa suka haƙa. Wato kududdufi ne shi ma, irin wanda ake samu idan an ɗebi ƙasar gini, sai dai girmansa da kuma kulawar da yake samu shekara sama da 200.

Shiga kyauta ce. Babu mai tsayar da kai a ƙofa, babu mai cewa ka kawo na goro. An shimfiɗa hanya ta zagaye tafkin yadda ko mai keken guragu zai bi yawancinta, ga kujeru, ga kwandunan shara, ga banɗaki. Amma kyautar nan da kuɗinmu ake yin ta. Akwai harajin gida da hukumar gari take karɓa, yawanci kashi 10 ake rarraba shi a shekara, daga Afrilu zuwa Janairu, kuma wallahi yana da nauyi ga mai albashi irin nawa. Duk wata idan aka cire shi sai na ji a jikina. Abin da ke sanyaya mini rai shi ne ina ganin inda wani ɓangarensa yake tafiya: da sassafe zan tarar da ma'aikata suna kwashe shara, reshen da iska ta karya jiya yau an yanke shi an kawar.

Farkon zuwana tafiya kawai nake yi don in miƙe ƙafa bayan aikin dare. Zalɓe ne ya fara tsayar da ni. Shi ne dai namu na fadamar Haɗeja, launin toka, dogon wuya, ya tsaya a gefen ruwa kamar an dasa shi. Na fi minti 10 ina kallonsa bai motsa ba. Sai ya lanƙwasa wuya a hankali, ya kai sara sau ɗaya, ya ɗago da kifi a gicciye a bakinsa, ya juya shi ta kai sannan ya haɗiye, ina ganin kifin yana gangarawa ta cikin wuyan. Tsakanina da shi bai fi taku 15 ba. Ka san a gida zalɓe ba ya yarda ka matso haka, tun daga nesa zai tashi, domin ya san gwafa ya san bindigar maharbi. Na nan bai taɓa ganin jifa ba. Dokar da suka yi a 1981 ta hana kashe tsuntsun daji ko ɗibar ƙwansa ko rushe sheƙarsa yana ciki, sai wasu 'yan kaɗan da aka keɓe da izini, kuma mutane suna bin ta tsakani da Allah.

Wani dattijo Bature da nake yawan tararwa a wurin, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ya fara ara mini tabaron hangen nesa. Ya nuna mini wata tsuntsuwar ruwa mai tukku da jan gashi a gefen fuska, wadda take nutsewa ta daɗe kafin ta ɓullo a wani wuri. Da na saita tabaron sai na ga 'yan kawuna biyu masu zanen fari da baƙi sun leƙo daga cikin gashin bayanta. Goyo ta yi, Yaya, goyo sosai irin na mata. Namijin ya taso daga ƙarƙashin ruwa da ɗan kifi a baki, ya miƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan yana nan a bayan uwar. Na yi tasbihi a fili. Dattijon ya ce an kusa ƙarar da irin wannan tsuntsuwa a ƙasar nan saboda gashinta da ake yi wa hulunan mata ado da shi, kuma irin wannan ɓarnar ce ta sa wasu mata suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a 1889. Yau mambobinta sun haura miliyan 1, kowa yana biyan kuɗinsa.

Akwai kuma agwagi kala-kala, da kajin ruwa, da manyan dinya da asalinsu daga Kanada aka kawo, da wata fara ƙal mai dogon wuya da ta fi dinya girma nesa ba kusa ba, wadda suke kira suwan. A sama kuwa har da shirwa, ja-ja mai wutsiya a rabe. Ita wannan sai da ta ƙare ƙaf a Ingila saboda guba da harbi, aka dawo da ita da gangan, a yankinmu a gandun Harewood aka sake su a 1999. Na gaya wa dattijon cewa a garinmu idan shirwa ta gifta Inna kan fito da gudu tana kaɗa zani don ta ceci 'yan tsaki. Ya saurara da kyau, ya ce shi bai taɓa kiwon kaza ba, don haka ba zai ga laifin Inna ba.

To bari in zo kan kaya, tunda kai ɗan kasuwa ne. Tabaron farko da na saya ta intanet mai araha ne, da ya iso sai na ga komai biyu-biyu yake nunawa. Na ɗauka na yi asara, domin a gida an ce idan ciniki ya faɗa ya faɗa. Ashe a nan wanda ya sayi abu ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasawa ko da babu aibi, idan kuma kayan na da aibi yana da kwana 30 ya mayar a ba shi kuɗinsa cif. Na mayar, kuɗina suka dawo asusuna ba tare da rantsuwa ko kiran shaida ba. Na biyu a shago na saya, mai shagon ya fito da ni waje ya sa na gwada guda uku, ya ce in ɗauki mai ninka abu sau 8, wanda ya fi haka hannu yana rawa da shi. Bai tura ni ga mafi tsada ba. Akwai kuma manhajar Merlin ta jami'ar Cornell ta Amurka, kyauta ce, idan tsuntsu yana kuka ka kunna waya sai ta faɗa maka ko wane ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abincin tsuntsaye. Kusan kowane babban kanti yana da layi guda na buhunansa. Na ɗauki ɗaya na duba, sai ga gero a ciki, da gyaɗa, da alkama. Mutum zai cire kuɗi ya saya, ya zuba a wani ɗan gwangwani mai huji ya rataye a bayan gida domin tsuntsun da ba nasa ba, ba zai yanka ba, ba zai sayar ba. Na tsaya riƙe da buhun ina tuna mu biyu a kan rumfar gona, tun asuba muna kaɗa gwangwanaye muna ihu har murya ta dishe, jan baki suna saukowa kamar hadari. Na tuna shekarar da suka cinye mana shinkafa Baba ya kwana bai runtsa ba. Ba zan taɓa cewa manomin da ke neman jirgin feshi ya yi laifi ba. Wanda rumbunsa yake a kanti daban, wanda rumbunsa yake a gona daban. A ƙarshen watan Janairu kowace shekara, tun 1979, dubban ɗaruruwan mutane kan zauna awa 1 su ƙirga tsuntsayen da suka sauka a gidajensu su aika wa ƙungiyar RSPB ɗin nan, da haka ake gane wanda ke ƙaruwa da wanda ke raguwa.

Kada ka zaci komai daɗi ne. Shayi kofi ɗaya a shagon bakin tafkin ya fi fam 3, ni da nawa nake zuwa a fulas. Karnuka sake suke yawo, wani ya zo ya shinshina maka wando, mai shi yana murmushi yana cewa ba ya cizo, bai san damuwata ta kayan salla ba ce. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, sanyi yana shiga har ƙashi. Kuma mutum zai iya zagaye tafkin nan kaf babu wanda ya tambaye shi gida da iyali. Sannan tsuntsayensu ma ba su kai namu ba, ko a yawa ko a ado. Nijeriya tana da iri sama da 900. A safiya ɗaya a dausayin Baturiya na yankinmu na Haɗeja lokacin hunturu za ka ga abin da mutumin nan zai shekara bai gani ba: kirinjijiya garke-garke, dinya, jinjimi, balbela ta rufe bishiya. Kurciyarsu mai ƙaura ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, har dattijon nan ya ce rabonsa da jin kukanta ya manta.

Wata rana ya tambaye ni garinmu. Da na ce Haɗeja sai ya sauke tabaronsa ya dube ni. Ya san sunan, ya san Nguru, bai kuwa taɓa taka Afirka ba. Ya ce da yawa daga tsuntsayen da suke zuwa musu da bazara a yankinmu na Sahel suke yin hunturu. Akwai wata 'yar ƙarama mai farin maƙogwaro, nauyinta bai wuce na goro ɗaya ba, tana ƙetare Sahara sau biyu a shekara. A 1969 aka wayi gari a Birtaniya wajen kashi biyu cikin uku nasu ba su dawo ba, da aka bincika sai aka gano farin da aka yi a Sahel ne ya kashe su. Farin da ya fara cin shanun su Kaka shi ne ya sa gonakin Ingila suka yi tsit. Tsattsewa ma da suka iso makon jiya suna shawagi a kan tafkin, daga Afirka suka taso.

Nan take na tuna tsuntsun da muka kama a tarko muna yara, mai zoben ƙarfe a ƙafa da rubutun boko a jiki. Ka tuna yadda muka tsorata, aka ce na aljanu ne, ka jefa zoben a rijiya? Masu bincike ne suke saka shi, da lamba da adireshi, domin idan an tsinta a wata ƙasa a san hanyar da ya bi. Wataƙila wani yana can ya yi shekaru yana jiran labarin zoben nan. Mu ma muna da masu wannan ilimi, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma tafkin Nguru yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. Amma ka fi ni sanin halin da fadamar take ciki tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ta hana kwale-kwale wucewa, ta zama maɓoyar jan baki.

Wannan babban al'amari ne, ya fi ƙarfina ya fi ƙarfinka. Alfarmar da nake nema ƙarama ce. Kududdufin bayan gidanmu, inda muka koyi iyo, inda kajin ruwa suke ƙyanƙyasa a cikin bado, a hoton da ka turo mini da Ƙaramar Salla na ga rabinsa ya zama juji, kuma ka ce ana maganar cike sauran a yanka filaye. Yaya, duk daminar da aka yi ruwa mai yawa shi yake shanye wa unguwarmu ruwan da zai shiga ɗakuna. Don Allah ka samu Mai Unguwa da Liman, ku tara dattawa a yi magana kafin a kai ga sa hannu. Idan aka amince a ware wurin zuba shara daban, ni na ɗauki kuɗin baro biyu da ladan yaran da za su kwashe ledojin, da dashen bishiya ko 10 ne a gefen.

Na saya wa babban ɗanka tabaro irin nawa da littafin rubutu, zan ba wani ɗan garinmu da zai taho kafin Babbar Salla. Ka ce masa ya rataya igiyar a wuya kada ya faɗi, kada kuma ya kalli rana da shi ko sau ɗaya, yana makantarwa. Ina so ya rubuta mini ranar da shamuwa suka sauka a kan kukar ƙofar gida bana, da sheƙa nawa suka yi. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina samun gero a nan, kuma ina dama kunu.