Mai duba takardun kwangila a Garwa: ya san aikinsa, amma ba ya sauri

A bayan babbar kasuwar Garwa, a ƙasar Kamaru, akwai wani ɗan ofishi, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, na wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin lura da gine-ginen gwamnati. Ka kai masa takardar kwangila, ya warware maka Faransancin da ke ciki da Hausa ko Fulatanci, ya fitar maka da ranar da wa'adinka zai cika. Sefa 15,000 ya karɓa a hannuna kan kwangilar ginin azuzuwa biyu, ta miliyan 20, kuma kuɗin sun halatta.

Na ce masa, "Baba, wata uku aka ba ni." Ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Alhaji, baki ne ya ce wata uku. Takarda kwana 90 ta ce." Sai ya sauko da kalandar bango, irin ta masu sayar da siminti, ya kama ƙirga da bakin biro. Wa'adi ba ya farawa ranar sa hannu, sai ranar da aka miƙa maka takardar umarnin fara aiki, wadda muke ce wa ordre de service. Tawa ta zo 2 ga Maris. Ya fara daga washegari, kwana 90 suka faɗa kan 31 ga Mayu. Da wata uku aka rubuta, da sai 2 ga Yuni.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen irin kwanakin. Tawa jours calendaires ce, wato Lahadi da hutu duk a ciki suke: 1 ga Mayu, 20 ga Mayu, har ranar Sallah in ta faɗo a tsakani, agogo na tafiya ko magina sun zo ko ba su zo ba. Da jours ouvrables aka rubuta, sai a cire Lahadi da ranakun hutu, kwana 90 su zama mako 15 da ɗoriya. Ga mai son rufa kwano kafin damina ta kankama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Tara kuwa ya lissafa min ita a gabana. A dokar kwangilolin gwamnatin Kamaru ta 2018, kowace ranar jinkiri ana yanke kashi 1 cikin 2,000 na kuɗin kwangila har kwana 30, daga nan ya koma 1 cikin 1,000, kuma jimlar ba ta wuce kashi 10 cikin 100. A tawa, 10,000 ke nan a rana, sannan 20,000. Jinkirin kwana 40 ya cinye 500,000, kuɗin tifofin yashi da yawa daga kogin Binuwai. Ya kuma ja min kunne cewa in ruwa ko wani dalili ya tsayar da aiki, in rubuta neman ƙarin lokaci nan take, a buga min hatimin karɓa. "Injiniya ya ce ba komai" ba hujja ba ce ranar biya.

Aibinsa? Jira. Ba ya ɗaukar waya in yana karatu, kuma kusan kullum karatu yake. Jadawalin aikin da ya tsara min da hannu ya rubuta, sai da na kai wani shago aka buga a kwamfuta. Ba lauya ba ne, shi ma ya faɗa. In rigima ta kai kotu, wani za ka nema.

In za ka je, ka je da sassafe, kuma ka tafi da kwangilar dukanta, har shafukan sharuɗɗa na musamman da ke baya. Wani da na tarar ya zo da shafin farko kawai, Baba ya mayar da shi gida ya ɗauko sauran.